Ina Kaza Da 'Ya'yanta Suka Shiga? Yadda Tafiyar Duniya Ke Sauya Kamannin Sama Da Dare

Gabatarwa

Wani dare a tsakiyar watan Mayu aka ɗauke mana wuta a ɗakunan kwanan ɗalibai, sai muka kwashi tabarmi muka fito waje shan iska. An yi ruwa da yamma, hadari ya washe, kuma da yake unguwar duka ta yi duhu, taurari suka fito rututu irin yadda ba kasafai muke ganin su a nan Kudu ba. Abokin zamana, wanda Bayarabe ne mai koyon Hausa a sashenmu, ya dube ni ya ce, "Malam, nuna mini kaza da 'ya'yanta da aka faɗa mana a aji." Na ɗaga kai na duba gabas, na duba yamma, na yi ta lalube har wuyana ya ƙage, ban ga kaza ba balle 'ya'yanta. Ya yi dariya ya ce ko shaho ne ya kwashe su.

Na ji kunya ƙwarai, domin ina yaro kullum muna ganin su a tsakar gida lokacin tatsuniya. Da na koma gida hutu na kai ƙara wajen kakana. Ya ce, "Kai ɗan boko, wa ya taɓa neman kaza a bakin damina? Ai ta shige, sai shuka ta yi za ka gan ta da asuba." Ya san lokacin shigarta, ya san lokacin fitowarta, amma da na tambaye shi dalili sai ya ce ikon Allah ne. Gaskiya ya faɗa. Sai dai ikon Allah yana tafiya bisa tsari, kuma tsarin nan ne na bi diddiginsa a littattafai da wajen abokaina masu karatun kimiyya. Abin da na samo shi nake son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan maƙala.

Juyawar duniya a kan kanta

Abu na farko shi ne, wannan duniya da muke kai tana juyawa kamar mazarin kaɗi, daga yamma zuwa gabas. Saboda mu ne ke tafiya gabas, sai mu ga kamar rana da wata da taurari ne ke fitowa daga gabas suna faɗawa yamma, kamar dai yadda wanda ke cikin mota yake ganin itatuwan bakin hanya suna gudu baya. Da'ira tana da digiri 360, yini da dare kuma awa 24 ne, saboda haka sama takan gota da digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu.

Wannan lissafi muna aiki da shi kullum ko da ba mu lura ba. Maiduguri tana gabas da Legas da kusan digiri 10, shi ya sa a watan azumi mutanen Maiduguri kan sha ruwa kusan minti 40 kafin mutanen Legas, duk da cewa agogonsu ɗaya ne. Tazarar kan ɗan ƙaru ko ta ragu gwargwadon lokacin shekara.

Mai karatu na iya cewa, in duniya na juyawa, me ya sa ba ma ji a jikinmu? Kewayen duniya a tsakiyarta ya kai kusan kilomita 40,000, don haka mu da ke kusa da tsakiyar muna tafiyar sama da kilomita 1,600 a awa guda. Dalilin rashin jin shi ne tafiyar ba ta da gargada, ba burki ba ƙarin wuta, kuma iska da teku da gidajenmu duk tare muke tafiya. Alhazan da suka hau jirgin sama sun san ana zuba shayi a kofi ba ya zuba, alhali jirgin na tsala gudu. Ba kuma yau aka fara wannan magana ba. Masanin Indiya Aryabata ya faɗe ta a shekarar 499, Albiruni ya tattauna ta a ƙarni na 11, Kofanikus ya kafa littafinsa na 1543 a kanta, sa'an nan a 1851 wani Bafaranshe mai suna Fuko ya rataye wani ƙarfe mai nauyi da doguwar waya a birnin Faris, yana lilo, mutane suka ga da idonsu yadda ƙasa ke gocewa a ƙarƙashinsa.

Kewaya rana da sirrin minti huɗu

Tafiya ta biyu ita ce ta kewaya rana. Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150, kuma duniya kan gama kewaye guda a kwana 365 da kusan rubu'in kwana, tana gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya. A nan ne amsar tambayar abokina take.

Mu ɗauka an ajiye fitila a tsakar gida, kai kuma kana kewaya ta a hankali. Duk lokacin da ka fuskanci fitilar, haskenta ya cika maka ido, wannan shi ne rana. Duk lokacin da ka juya mata baya, dare ke nan. To, idan kana gabas da fitilar ka juya mata baya, ɗakin uwargida za ka gani. Idan ka zagayo yamma da ita ka juya baya, sai ka ga zaure. Ɗakin uwargida bai je ko'ina ba, yana can bayan fitilar, haskenta ne ya tsare maka shi. Haka taurari suke. A watan Mayu kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, tana can bayan rana, tare suke fitowa tare suke faɗuwa, shi ya sa ba a ganin ta. Wajen tsakiyar Yuni takan fara leƙowa gabas kafin ketowar alfijir. A watan Nuwamba kuwa mun zagayo ɗaya ɓangaren, sai ta fito da magariba, ta zo tsakiyar sama da tsakar dare. A ƙarshen Afrilu za a gan ta can ƙasa-ƙasa a yamma bayan magariba, tana shirin shigewa.

Ana iya auna wannan canji da agogo. Ainihin juyi guda na duniya awa 23 ne da minti 56 da daƙiƙa 4. Amma a cikin wannan lokaci duniya ta matsa gaba da kusan digiri ɗaya a kan hanyarta, don haka sai ta ƙara ɗan juyi na minti huɗu kafin ta sake fuskantar rana daidai yadda ta fuskance ta jiya. Agogonmu rana yake bi, taurari kuwa ba ruwansu da wannan ƙari. Sakamakon haka kowane tauraro yakan riga lokacinsa na jiya fitowa da kusan minti huɗu. A wata guda ya zama awa biyu, a wata shida awa 12, a shekara kuma ya komo inda ya faro.

Shi ya sa kowane lokaci na shekara yake da taurarinsa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, akan ga taurari uku a jere reras a tsakiyar wani gungu da Turawa ke kira Oriyon, a kusa da su kuma ga Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Agusta, in hadari ya ba da dama, gungun Aƙrabu mai siffar kunama ne ke mallakar kudancin sama. Malamanmu na hisabi sun daɗe da sanin wannan. Sun gaji lissafin masaukai 28 daga Larabawa, irin su Surayya da Dabaran da Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowanne kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14. In aka haɗa sai a sami 365 cif. Wato dai kalandar rana ce aka rubuta da taurari, kuma da ita manoma ke sanin lokacin shuka.

Inda ka tsaya shi ke ba ka samanka

Sandar mazarin duniya, wato layin nan da take juyawa a kansa, tana nuni ne zuwa wani wuri guda a arewacin sama, kusa da wani tauraro da ake kira tauraron arewa. Shi kaɗai ne kusan ba ya motsi, sauran duk kewaya shi suke yi. Tsawonsa daga ƙasa daidai yake da nisan garinku daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu. Idan mutum ya miƙe hannu ya dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. A Kano, mai digiri 12, tauraron arewa ya ɗan ɗara dunƙule ɗaya. A Agadas ya kusa dunƙule biyu. A Legas bai fi digiri shida da rabi ba, shi ya sa gini ko bishiya ko hazo kan ɓoye shi. A Landan kuwa ya kai dunƙule biyar.

Mu 'yan Nijeriya mun yi sa'a a nan, domin ƙasarmu tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa da ikwaita, don haka a cikin shekara muna ganin kusan dukkan taurarin arewa da na kudu. Akwai wasu taurari huɗu masu siffar gicciye da ke bayyana ƙasa-ƙasa a kudu da daren Afrilu zuwa Yuni, waɗanda ke jikin tutar Ostareliya. Mutumin Ingila ba ya ganin su ko kusa, mu kuwa muna gani, kuma sun fi ɗagowa sama a Legas da Fatakwal fiye da Sakkwato. Wanda kuwa ya tsaya a can ƙuryar arewacin duniya, taurarinsa ba sa fitowa ba sa faɗuwa, kewayawa kawai suke yi a kwance, kuma rabin sama har abada ba zai gan shi ba.

Karkacewar duniya

Sandar mazarin nan ba a tsaye take kyam a kan hanyar kewayawa ba, ta karkace da kimanin digiri 23 da rabi. Wannan karkata ita ke kawo sauyin yanayi da bambancin tsawon dare. Mutane da yawa na zaton kusantar rana ke kawo zafi, alhali duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da muke rawar ɗari, ta kuma fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. Abin da ke faruwa shi ne, a watan Yuni arewacin duniya ne ke sunkuyar da kai wajen rana, a Disamba kuma kudanci.

A wajenmu bambancin kaɗan ne. A Kano dare mafi tsawo bai fi mafi gajarta da awa ɗaya da rabi ba. A Landan kuwa yinin ƙarshen Yuni ya haura awa 16, na ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba. A garin Tiromso na ƙasar Norwe rana ba ta faɗuwa sam daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, wato wata biyu ba wanda zai ga tauraro. Haka nan da yake a wajenmu rana kan gangara a miƙe, duhu na saurin shiga bayan magariba, jinjirin wata kuma yakan bayyana a kwance kamar kwale-kwale, alhali a Turai sau da yawa a jingine ake ganin sa.

Akwai kuma wani motsi na uku mai jinkiri ƙwarai. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa ya ga yadda kanta ke tangaɗi tana cikin juyawa. Duniya ma tana yin haka, sai dai tangaɗi guda yana cin kusan shekara 26,000. Lokacin da ake gina dalar Masar wani tauraro ne daban, mai suna Suban, yake tsare da arewa, kuma nan da kimanin shekara 12,000 tauraron nan mai haske da Turawa ke kira Bega ne zai matso kusa da matsayin. Wannan tangaɗi yana gusar da lokacin fitowar taurari da kusan kwana ɗaya a kowace shekara 72, ma'ana jadawalin masaukai da aka rubuta shekara dubu da suka wuce ya goce da kusan mako biyu.

Wata da Zara

Wata yana kewaya duniya a kwana 27 da ɗan kai. Amma da yake duniya ma ta yi gaba a wannan lokaci, sai ya cika kwana 29 da rabi kafin ya sake daidaita da rana, dalilin da ya sa watanmu kan yi 29 ko 30. Wata 12 sun ba da kwana 354, ƙasa da shekarar rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke zagaya hunturu da bazara da damina a cikin kimanin shekara 33. Kowace rana wata kan makara fitowa da kusan minti 50, abin da ke kawo farin wata da kuma duhun ƙarshen wata. Juyawarsa a kan kansa kuma daidai take da kewayawarsa, don haka fuska ɗaya tak yake nuna mana kullum.

Husufi ma daga nan yake. Idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa kansa, shi ne abin da muke cewa rana ta kama wata, yara su fito da gwangwanaye suna kiɗa don ta sake shi. Idan wata ne ya shiga tsakani sai ya tare mana rana, kamar yadda aka gani ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da gari ya yi duhu da hantsi a Shaki ta Jihar Oyo da Gusau. Abin da ya hana a yi husufi kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5 daga ta duniya, saboda haka galibi inuwar kan wuce ta sama ko ta ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin Zara matar wata, da ake gani da magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Ashe abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne, duniya ce kamar tamu, wadda Larabawa ke kira Zuhura. Da yake hanyarta tana ciki da tamu, ba ta nisa da rana fiye da kimanin digiri 47, don haka ba a ganin ta da tsakar dare a tsakiyar sama. Takan yi watanni a yamma, ta ɓace, ta ɓullo a gabas, kuma zagayen kan ɗauki kwana 584.

Da a wata duniyar muke

Hanya mafi sauƙi ta gane cewa samanmu ta dogara ne ga irin tafiyarmu ita ce mu leƙa maƙwabta. Zuhura tana juyawa a hankali ƙwarai, kwana 243 namu kafin ta yi juyi guda, alhali shekararta kwana 225 ce. Juyin nata kuma na baya-baya ne, don haka rana daga yamma take fito mata, ko da yake gajimare mai kauri ya rufe ta ruf, ba a ganin rana balle tauraro. A Uɗaridu, mafi kusa da rana, daga fitowar rana zuwa wata fitowar kwana 176 ne namu, wato shekararta biyu.

Mirrihu, wadda Turawa ke kira Mas, ita ta fi kama da mu. Juyinta awa 24 ne da minti 37, ta karkace da digiri 25, shekararta kwana 687. Tana da ƙananan watanni biyu, kuma na kusa da ita, Fobos, yana kewaye ta a ƙasa da awa 8, wato ya fi ta sauri, saboda haka daga yamma yake fitowa ya faɗi gabas, kusan sau biyu a kwana guda. A watan Janairun 2014 motar binciken Amurka da ke can, Curiosity, ta ɗauko hoton duniyarmu bayan faɗuwar rana, ɗigon haske kawai kamar yadda muke ganin Zara.

Mushtari, babbar cikinsu, takan gama juyi a ƙasa da awa 10, darenta bai fi awa biyar ba. Yuranus kuwa a kishingiɗe take, ta karkace da digiri 98, shekararta guda shekararmu 84 ce, don haka kowace ƙuryarta kan yi kusan shekara 42 cikin hasken rana, ta yi wasu 42 cikin dare. A kan watanmu ma, babu iska, sama baƙa ce ko da rana tsaka, yini kusan mako biyu ne dare ma haka, kuma wanda ke ɓangaren da ke fuskantar mu zai ga duniya a rataye kusan wuri ɗaya, ba ta fitowa ba ta faɗuwa.

Kammalawa

Ina roƙon mai karatu kada ya tsaya ga abin da na faɗa, domin gani ya kori ji. Ka sami wuri guda da za ka riƙa tsayawa, ka zaɓi tauraro mai haske, ka rubuta lokacin da ya zo daidai kan wani turken waya ko kusurwar gini. Bayan kwana 15 ka komo wurin, za ka tarar ya riga lokacinsa da awa guda. Abokina ya gwada, kuma a watan Nuwamba shi ne ya tashe ni ya nuna mini kaza da 'ya'yanta.

Roƙona na biyu ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa ne. Tsofaffin da suka san sunayen taurari da lokutansu suna ƙarewa, hasken lantarki da hayaƙin birni kuma sun raba yaranmu da sama. Ni kaina sunaye kaɗan na iya kawowa da Hausa a wannan maƙala, sauran sai da na ara. Alhali ƙasar Hausa ta taɓa fitar da masana irin su Muhammadu Alkatsinawi, malamin lissafi da ilimin taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741. Idan kowannenmu ya je hutu ya zauna da kakansa, ko wani manomi, ko makiyayi, ko malamin zaure, ya rubuto sunayen da suke kiran taurari da su a karin harshensu da abin da suke aunawa da su, za mu tara abin da zai isa kundin digiri fiye da ɗaya, kuma masu koyar da kimiyya da Hausa za su sami kalmomin gida da za su yi aiki da su. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.